Hannu na Goma Sha Uku

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris na shekarar 2017, majalisar garinmu ta zauna da 'yan majalisa ashirin da biyar, babu wanda ya yi fashi, abin da ba a taɓa gani ba tun da aka zaɓe su a ƙarshen Satumban 2013. Goma sha uku suna tare da magajin gari, wanda a nan muke kira mer. Goma sha biyu 'yan adawa ne. A zaɓen, kujeru goma sha shida mer ya samu, amma uku suka sauya sheƙa a rigimar rabon rumfunan kasuwa. Ni ba ɗan majalisa ba ne. Tun da na yi ritaya daga koyar da tarihi a Garuwa ake kirana in yi tafinta, domin ana rubuta komai da Faransanci, ana musu da Fulatanci, in rai ya ɓaci kuma wasu su koma Hausa. Sunayen da zan ambata ba na gaskiya ba ne, garin ma ba zan faɗe shi ba, in ban da cewa yana bakin Binuwai, kuma motar kasuwa takan kai mutum Garuwa ya dawo kafin azahar. Abin da ya faru a zauren majalisa da idona na gani. Sauran kuwa Bilya ne, ɗaya daga cikin 'yan majalisar, ya ba ni labari bayan shekaru, da yardar wadda abin ya shafa.

A ƙasan lambunan albasa akwai wani yanki na kogi da ake kira gaɓar mata. Da rani, idan ruwa ya janye ya bar yashi, can mata suke wanki, su yi wanka kafin su koma gida. Namiji ba ya bi ta wurin. Masunci in dole ta sa ya wuce a kwalekwale, yakan buga filafili a jikin jirgin tun daga nesa, ya kau da kai har ya shige. Na bincika, ban ga inda aka rubuta wannan ƙa'ida ba, ba a zamanin Jamus ba, ba a na Faransa ba, ba kuma bayan 'yancin kai na 1960 ba. Ba ta taɓa buƙatar rubutu ba.

A watan Fabrairu na wannan shekara wani magidanci mai haƙar yashi ya laɓe cikin kyauro da wayarsa, yana ɗaukar matan hoto suna wanka. Wata dattijuwa mai wankau, Mairamu, ita ta hango shi. Matan suka rufe shi da duka da jiƙaƙƙun zannuwa, ya tsere ya bar wayar a hannun Mairamu, aka ce ya bi ta Mayo-Oulo ya ƙetare iyaka. Kafin fuskar wayar ta mutu ta kulle kanta, Mairamu ta ga abin da ta gani. Ta kai wayar ga mai unguwa, mai unguwa ya kai wa mer, mer ya sa ta a aljihun teburinsa ya murɗa makulli. Labari ya cika gari cewa an ɗauki mata hoto, amma ba wanda ya san ko su wane ne, domin Mairamu ba ta gaya wa kowa ba sai mace ɗaya da ta shaida fuskarta sarai. Wannan mace ita ce Kaltumi, malamar firamare, 'yar Alhaji Mahmudu jagoran 'yan adawa.

A nan dole in tsaya in bayyana wani abu, domin yaran yanzu sun fara manta shi. Gidan su Mahmudu Hausawa ne. Kakansu ya zo daga Kano da fataucin tufafi a farkon mulkin Faransa, kuma sun riƙe kunyar ɗan fari kamar yadda ya zo da ita. Kaltumi ce 'yar farin Mahmudu, sunan mahaifiyarsa kuma aka sa mata, kunya ta zama biyu. Bai taɓa ɗaukarta a bainar jama'a ba, bai taɓa kiran sunanta ba. Da aka yaye ta aka kai ta ɗakin kakarta, a gidan ƙanensa Bilya, nan ta girma. Bilya take kira Baba, matarsa Aisatu take kira Mama, mahaifinta kuwa Alhaji. Bilya ne ya sa ta makaranta, shi ya ba da aurenta. In Mahmudu zai tambayi lafiyarta, sai ya ce wa Bilya, "Yaya 'yar wajenka?" Ba ƙiyayya ba ce, kowa a garin ya san haka. Amma sakamakonta shi ne, duk abin da ya sami Kaltumi, mahaifinta ne na ƙarshen ji. Bilya kuwa ɗan majalisa ne shi ma, yana ɓangaren mer, shi ne ma mataimakinsa na biyu.

Aisatu ce ta gaya wa Bilya, bayan la'asar, Kaltumi tana zaune a bakin ƙofar ɗaki ta ba su rabin baya. Da Aisatu ta gama, ya juya ga Kaltumi.

"Mijinki ya sani?" in ji shi.

"Na gaya masa a waya, Baba. Yana Ngawundere yana jiran lodi. Ya ce zai dawo ya kashe mutum. Na ce ya fara gyara mana famfo tukuna, da yana aiki da ban je kogi ba."

Aisatu ta yi dariya ba ta shirya ba, ta kama bakinta.

"Abu ɗaya nake roƙo," in ji Kaltumi. "Kada Alhaji ya ji."

"Shi ne fa mahaifinki."

"Shi ya sa. Tun da aka haife ni bai taɓa kallon fuskata ya daɗe ba. Idan ya ji wannan, ba zan ƙara iya shiga gidansa in gaishe shi ba, shi ma ba zai iya amsawa ba. Gaisuwar nan ita kaɗai muke da ita, Baba. A bar mana ita."

Bilya ya yi mata alkawari. Washegari ya sami mer Abakar ya ce lokaci ya yi da za a rubuta ƙa'idar gaɓar mata ta zama doka, tunda yanzu ido ya koma cikin aljihu. Ya ce masa ya san ɗaya daga cikin matan, 'yar mutunci ce, amma ba zai faɗi sunanta ba. Mer ya karɓi shawarar da hannu biyu. Yana da ikon sa hannu shi kaɗai, amma ya fi so majalisa ta ɗauki nauyin abin tare da shi.

Da daftarin ya fito, sai ga shi da sashe uku. Na farko ya hana maza zuwa gaɓar mata, ya hana ɗaukar mace hoto a ɓoye inda take wanka ko sauya tufafi. Na biyu ya hana ɗaukar kowa hoto a kasuwa, da tasha, da ofisoshi, da kowane taron jama'a, sai da izinin ofishin mer. Na uku ya ba ma'aikatan mer ikon ƙwace waya su duba abin da ke ciki.

"Ba wannan na kawo maka ba," in ji Bilya.

"Mai shinge ba ya shinge gefe ɗaya ya bar uku, Malam Bilya," in ji mer. "Kai ka damu da kogi, ni gari duka aka ba ni."

Wanda ya tuna wannan lokaci ya san abin da ya sa 'yan adawa suka tashi tsaye. Tun tsakiyar Janairu an yanke intanet a yankuna biyu na ƙasar nan masu magana da Ingilishi, saƙonnin gargaɗi kan yaɗa jita-jita suna shigowa wayoyin mutane, ga zaɓe ana sa ransa a shekara mai zuwa. A zaɓen da ya wuce, matasan Mahmudu da waya suka ɗauki sakamakon kowace rumfa. Shi kuwa Mahmudu yana da nasa dalilin. Bayan yunƙurin juyin mulki na shida ga Afrilun 1984, yana cikin 'yan arewa da aka kama. Ya yi fiye da shekara a tsare, aka sake shi ba a taɓa gaya masa wanda ya kai sunansa ba. Tun daga nan, duk maganar da aka kawo masa ba suna a kanta, ba ya karɓarta. Magoya bayansa suka fara cewa babu wani hoto ma, mer ne ya ƙago labarin ya sa tsohuwar waya a aljihun tebur. Da aka yi ta faɗa, shi ma ya fara zargin haka.

Ana saura kwana kaɗan a zauna, Bilya ya je kantin atamfar yayansa a bakin kasuwa. Ya tarar da shi tare da Ɗanmalam, na hannun damansa a majalisa, mutum mai baki kamar reza.

"Ga mataimakin mer da kansa," in ji Mahmudu. "Ɗanmalam, ɓoye wayarka."

"Tawa ko kira ba ta yi, ranka ya daɗe, balle hoto. In zai ƙwace ta ma ya taimake ni."

Bilya ya zauna a kan benci. Aka gaisa, aka kawo shayi.

"Yaya, ka sassauta a kan maganar nan," in ji shi. "Ka yaƙi sashe na biyu da na uku, ni ma ba na son su. Amma kada ka ce babu hoto. Akwai mutane a ciki."

"Su wa?"

"Matan mutane."

"Matan su wa? 'Ya'yan su wa? Kai ka gani?"

"Ban gani ba. An gaya mini."

"An gaya maka." Mahmudu ya ajiye kofin. "Ni ma an gaya wa wani wani abu a kaina, ka zo ka yi ta kawo mini tuwo a ƙofar kurkuku ana mayar da kai. Ka manta? Kawo mini suna ɗaya, Bilya. Mace ɗaya, da ubanta ko mijinta a tsaye a bayanta."

Bilya ya gaya mini cewa a wannan lokacin sunan ya zo masa har bakin haƙori. Ya dubi yayansa, sai ya ga ya riga ya juya yana gyara jerin atamfa.

"Yaya mutanen gida?" in ji Mahmudu, idonsa a kan atamfar. "Yaya 'yar wajenka?"

"Lafiya lau."

Mahmudu ya zaro turmi ɗaya mai ruwan ganye ya miƙa masa ba tare da ya waiwayo ba. "Ka kai wa yara."

Bilya ya karɓa ya tafi.

Ranar zaman, zauren ya cika har tagogi. Wakilin hukuma, mai sa ido a madadin gwamnati, ya zauna a gefen mer, sakataren majalisa Barthélemy ya karanta daftarin da Faransanci, na mayar da shi Fulatanci. Mer ya yi magana a kan mutuncin iyaye mata, ya yi ta kyau, aka tafa masa. Sannan Mahmudu ya miƙe. Da Faransanci ya fara, domin yana so wakilin hukuma ya ji daga bakinsa.

Ya ce ba wanda ya fi shi ƙin abin da aka ce an yi a kogi, in har an yi. Amma ƙasa tana da dokar laifuffukan intanet tun watan Disamba na 2010, wadda duk macen da aka zalunta za ta iya kai ƙara da ita a kotu a Garuwa. Me ya sa mer yake neman tasa? Ya ce sashe na farko zane ne aka lulluɓe na biyu da na uku da shi. Ya tambaya wace mace ce take wanka a tashar mota, wace ce take sauya tufafi a rumfar zaɓe. Aka yi dariya, har da wasu na ɓangaren mer. Ya ce ranar da wannan doka ta wuce, mai karɓar harajin kasuwa zai karɓa sau biyu, wanda ya ɗaga waya shi ne mai laifi.

"Amma ga alkawarina a gaban majalisa," ya ce, ya koma Fulatanci. "A kawo mini mace ɗaya da suna. Ɗaya tak. In an kawo, sashe na farko da hannu biyu zan ɗaga masa, ni da mutanena. Wata guda ke nan ana cewa mata, mata. Matan nan ba su da iyaye ne?"

Mer ya yi murmushi. "Alhaji yana son shaida. To, shaidar tana gidansu. Ƙanensa ne ya kawo mini maganar nan, shi ya ce ya san ɗaya. Malam Bilya, majalisa tana sauraronka."

Bilya ya miƙe. Mutum ne mai jiki, marar yawan magana, ya dafa tebur da hannu biyu.

"Na san ɗaya," ya ce. "Na yi mata alkawarin ba zan faɗi sunanta ba."

"Alkawari da 'yar ruwa ke nan," in ji Ɗanmalam daga kujerarsa. "Ita ma a kogi take, ita ma ba a ganinta."

Zauren ya kece da dariya. Mahmudu bai yi ba. Ya dubi ƙanensa ya ce da Hausa, wadda ban fassara ba domin ba da majalisa yake ba, "Faɗi, Bilya. Ko 'yar wane ce, ni zan tsaya mata."

"Ba zan faɗa ba, Yaya."

"To ka ji," in ji Mahmudu ga mer, ya zauna.

Mer Abakar ba mutumin da ake yi wa dariya ya haƙura ba ne. Ya sa hannu a aljihun rigarsa ya fito da wayar, ashe ya taho da ita, ya ajiye ta a kan tebur inda kowa zai gani. Ya ce tunda ana zargin ya ƙago labari, zai ƙara sashe na huɗu a cikin dokar nan take: za a kafa kwamiti, a kira mai gyaran waya daga Garuwa ya buɗe ta, kwamitin ya duba hotunan ya tantance matan da ke ciki, ya kawo rahoto. Shugaban kwamitin kuma ba kowa ba ne sai Alhaji Mahmudu da kansa.

"Ya gani da idonsa," in ji mer, "sannan ya zo ya gaya mana ko 'yan ruwa ne."

Wannan karon ɓangaren mer ne suka yi dariya. Mahmudu ya sake miƙewa.

"Dokarka ba zan ɗaga mata hannu ba, saboda sashe na biyu da na uku. Amma in ta wuce duk da haka, na karɓi kujerar. Zan zauna in duba hoto ɗaya bayan ɗaya, in kira kowace mace da ubanta in ji daga bakinsu. Sakatare, rubuta na ce haka."

Barthélemy ya rubuta. Ina fassara wannan magana, na ga Bilya ya ɗaga hannu yana neman izini. A lokacin ban san dalili ba. Na lura dai muryarsa ta sauya. Ya ce hoton mace tsirara bai kamata namiji ya duba ba, ko wane ne shi. In dole sai an duba, a ba mata biyun da ke cikin majalisa su duba, su kawo adadi ba tare da suna ba.

"A'a," in ji Mahmudu. "Ni aka ƙalubalanta. Kuma adadi ba suna shi ne abin da na ƙi tun farko."

"A wannan dai ni da Alhaji bakinmu ɗaya," in ji mer.

Bilya ya roƙi a raba sassan, a jefa ƙuri'a a kan kowane daban. Mer ya ce doka ɗaya ce, ƙuri'a ɗaya. Bilya ya roƙi a ɗage zaman zuwa wani mako. Mer ya dube shi da mamaki ya ce yau aka kira mutane, yau za a gama. Ya san yana da goma sha uku, bai ga abin jira ba.

Da ɗaga hannu ake ƙuri'a a majalisarmu. Barthélemy ya ce waɗanda suka yarda. Hannuwa suka tashi a ɓangaren mer, ya bi su da alƙalami yana ƙidaya a bayyane, ya tsaya a goma sha biyu. Ya gyara tabarau ya sake ƙidayawa. Hannuwan Bilya biyu suna kan tebur.

"Malam Bilya," in ji mer a hankali, "ana ƙuri'a."

"Na ji, ranka ya daɗe."

Barthélemy ya ce waɗanda ba su yarda ba. Goma sha biyun Mahmudu suka ɗaga. Bilya ya san ƙa'idar majalisa, cewa in ƙuri'a ta zo kunnen doki muryar mer ce take rinjaye, saboda haka kame hannu kawai ba zai isa ba. Ya ɗaga nasa, bai kai shi sama sosai ba, daidai kafaɗa, idonsa a kan wayar da ke gaban mer. Barthélemy ya ce goma sha uku, daftari ya faɗi.

Waje aka fara sowa kafin ciki, domin na tagogi sun riga sun ba da labari. Mer ya rufe zaman ba tare da ya taɓa sauran batutuwan ranar ba, ya fita ta ƙofar baya, ya bar wayar a kan tebur. A farfajiya matasan adawa suka kewaye Bilya suna kiran sunansa, mutumin da jiya suke kira karen mer. Ɗanmalam ya ce zai yi masa katin jam'iyya kyauta, har da hoto, da izininsa. Mahmudu ya ratso su ya kama hannun ƙanensa ya riƙe.

"Na san jinin gidanmu ba zai bi ƙarya har ƙarshe ba," ya ce. "Babu kowa a cikin wayar nan, ko ba haka ba? Ya sa ka ne ka faɗa."

"Yaya, rana ta yi zafi," in ji Bilya. "Ka tafi gida ka huta."

Da farfajiya ta watse, Bilya ya koma ciki ya sami Barthélemy yana tattara takardu. Ya tambaye shi matsayin wayar yanzu. Barthélemy mutum ne mai bin ƙa'ida ko a kan wa ta faɗa. Ya ce tunda doka ba ta wuce ba, ofishin mer ba shi da hurumin riƙe kayan kowa. Abin da aka kawo ajiya ana mayar wa wanda ya kawo. Barthélemy ya kai wa mai unguwa wayar da kansa, mai unguwa ya ce shi ma kawo masa aka yi, ya aika wa Mairamu. Mairamu ta sa ta a turmi a gaban matan unguwa ta daka, ta kwashe garin ta zuba a masai.

Bilya bai nufi gida kai tsaye ba, ya biya ta makarantar da Kaltumi take koyarwa. An tashi, tana rufe tagogin aji. Labari ya riga shi isa.

"An ce ka koma adawa, Baba."

"Haka aka ce."

Ta rufe taga ta ƙarshe, ta tsaya ta riƙe sakatar. "Da ya duba da gaske?"

"Kin san shi. Da ya duba."

Ta ce, "Amma ba ni kaɗai ba ce a kogin nan. Sashe na farkon nan muna buƙatarsa. Gobe wani zai laɓe, ya san majalisa ta zauna ta ce ba komai. Saboda ni dokar ta faɗi."

"Mutum goma sha uku suka kayar da ita. Ba ki cikinsu."

"Mer zai cire ka."

"Zai cire ni."

"Ban ce ka yi haka ba, Baba."

"Ba ki ce ba. Kin ce kada ya ji." Ya ɗauki jakar littattafanta daga kan tebur. "Mu je, Mamanki ta ce in taho da ke."

Ranar Juma'ar wannan mako Kaltumi ta je gidan mahaifinta gaisuwa kamar yadda ta saba. Ta durƙusa a bakin zaure, ya amsa yana duban wani wuri, ya tambayi lafiyar yara, ta ce lafiya, ta shiga wajen mata.

Mer ya janye duk ayyukan da ya ɗora wa Bilya kafin ƙarshen watan, a zaɓen Fabrairun 2020 kuma ba a sa sunansa a jerin 'yan takara ba. Adawa sun yi masa tayi ya ƙi, ya koma sayar da takin zamani. Ba a sake kawo daftarin gaban majalisa ba, ko sashe na farko shi kaɗai. Mata suna wanki a gaɓar har yanzu, amma wanka ya koma gida. Alhaji Mahmudu ya rasu a watan Agustan 2021, yana lissafa ranar sha huɗu ga Maris a cikin manyan nasarorinsa, kuma ba wanda ya gaya masa.